'Ya'yan Kaza Bakwai da Ban Gani Ba

Shekaranjiya da la'asar matata tana tsame tsamiyar kunu, tana jefa 'ya'yan cikin wani tsohon kwano ɗaya bayan ɗaya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ina zaune a kan tabarma ina duba takardun ɗalibai, sai na ga jan birona ya tsaya cak. Na san wannan ƙara. Ita ce ƙarar da na fi tsana a duniya lokacin da nake ɗan shekara goma sha biyu, ba don komai ba sai don hannun ƙanwata ne yake yin ta, ba nawa ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan Hadejia. Aikina ke nan in tsaya gaban yara in gaya musu cewa duniya ce take juyawa, kuma taurarin nan da suke gani ƙanana kowanne rana ce mai zaman kanta, nisa ne kawai ya ƙanƙantar da ita. In kai ma kana cikin masu ɗaga kai sama su yi ta tambaya, gyara zama, zan ba ka ɗan abin da na sani. Amma sai ka fara jin yadda na shigo wannan ilimi, domin ba ta ƙofar sha'awa na shigo ba. Kishi ne ya kawo ni, kishin yarinya 'yar shekara tara.

Ƙauyenmu yana kan wani ɗan tudu a hanyar Guri, fadama ta zagaye shi ta gefe uku. Gero muke shukawa a tudu, shinkafa a fadama, in ruwa ya fara ja kuma kowa ya ɗauko komarsa a shiga kamun kifi. Wannan duk yaron goye ma ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ranar da za a zuba irin gero a ƙasa, kuma wannan sani yana hannun kakanmu, mahaifin Baba. Shi ba babban malami ba ne, ba kuma mai sarauta ba, amma in bazara ta yi nisa hatta bulama, mai garinmu, sai ya taka ya zo zaurenmu, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar ƙafarsa, sannan a ƙarshe ya ce, "To, yaya labarin Kaza?"

Kaza ba ta cikin akurki yake nufi ba. Wani ɗan gungun taurari ne da suka cure wuri guda, malamai suna ce masa Surayya, mu kuwa Kaza da 'ya'yanta muka taso muka ji ana faɗa. Lokacin girbi, da an idar da magariba za ka same ta a gabas. Kullum tana riga jiya fitowa da ɗan kaɗan, har in zafin bazara ya kankama sai magariba ta same ta can yamma, tana bin rana a baya. Daga nan sai wata rana a neme ta a rasa. Takan yi kamar kwana arba'in ba a ganinta, sannan ta ɓullo ta gabas bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai. Dokar Kaka guda ce: duk ruwan da ya sauka kafin Kaza ta dawo, a sha, a yi wanka, a gode wa Allah, amma kada a ba shi iri.

Yana da wani ɗan gora da ya yi baƙi saboda tsufa, rataye a ƙofar ɗakinsa. Daga yammacin da Kaza ta ɓace, kowace safiya sai a jefa ɗan tsamiya guda a ciki. Goran yana gaya masa lokacin da ya kamata a fara duba ne kawai. Kullum yana faɗa cewa gora ba ya yanke magana, sai ido ya gani.

To idon ne Allah Ya karɓe masa. Yanar ido ce ta fara rufe shi a hankali, tun yana gane mutum daga nesa har ya koma sai ya ji murya. A gidan kuwa mu biyu ne jikokin da suka yi wayo, ni da ƙanwata. Ni ne babba, ni ne namiji, ni ne nake zuwa makarantar boko a garin da ke gaba da mu, kuma ni nake ɗaukar na ɗaya. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wani zaɓi da za a yi ba. Wani yammaci bayan an gama yankan gero, ƙanshin sabon kara ya cika gida, sai Kaka ya kira mu bayan magariba, ya sa muka fuskanci gabas, ya ce kowa ya ƙirga masa 'ya'yan Kaza.

Na ɗaga kai. Abin da na gani wani ɗan farin tabo ne, kamar an dangwala kunu a jikin baƙin zane. Ban ga abin ƙirgawa ba. Amma na sha jin manya suna cewa bakwai, don haka kafin ta buɗe baki na riga na ce, "Bakwai!" Ita kuwa ta yi ta kallo, ta yi ta kallo, har na fara ƙosawa, sannan ta ce, "Shida ne, Kaka. Akwai wata ƙarama mai ɓuya, in na kalle ta sai ta gudu, in na kau da ido sai ta dawo."

Kaka ya yi 'yar dariya ya ce, "Madalla." Kalma ɗaya ce, kuma ba ni aka gaya wa ba.

Ka fahimce ni, mai karatu. A lokacin na ɗauka kowa haka yake ganin sama, fari-fari a dame, ƙirgar kuma abu ne da ake haddacewa kamar jadawalin sau. Don haka da na ji ta zo da zancen ƙarama mai ɓuya, ban yi shakka ba cewa tsohon ne ya kira ta gefe ya raɗa mata amsa don ya kunyata ni. Na kwana ina tafasa. Da safe kuwa sai ga goran a hannunta, ana koya mata yadda ake riƙe shi.

Daga ranar ta zama idon Kaka. In zai fita masallaci, a kafaɗarta yake ɗora hannu. In ya sha fura, ita yake miƙa wa ragowar. Tsakanin magariba da lisha suna zaune a ƙofar zaure, yana tambaya tana ba shi labarin abin da ke sama, ni kuwa ina can gefe ina yi kamar ina gyaran tarkon ɓera, alhali kunnena duk yana wurinsu. A nan na ji yana gaya mata cewa Zara, mai hasken nan da ke fitowa yamma kusa da jinjirin wata, da Gamzaki na asuba, shi bai taɓa ganinsu su biyu a rana ɗaya ba tun yana yaro, kuma yana zargin tauraro ɗaya ne yake sauya wurin kwana. Shekaru bayan haka na karanta a littafi cewa gaskiyarsa ce, wata duniya ce maƙwabciyarmu mai zagaya rana, wani lokaci tana bayanta, wani lokaci tana gabanta. Amma a daren ban ji daɗin ilimin ba ko kaɗan, don ba ni ake ba wa ba. Na ɓoye mata takalmi, na mintsine ta ba laifin komai, na sa mata suna jagorar makaho. Ko a jikinta. Yarinyar nan tun tana ƙarama akwai ta da shiru mai ban haushi.

Wata rana na ɗauka dama ta zo mini. Malaminmu ya shigo aji da lemo da fitila, ya soka wa lemon tsinke, ya nuna mana cewa duniya ƙwallo ce, tana juyawa a kan kanta shi ya sa ake dare da rana, tana kuma zagaya rana sau ɗaya a shekara. Ban tsaya wasa a hanya ba. Na tarar da Kaka a gindin tsamiya yana murza igiya, na zube masa labarin duka, ina haki, ina jira ya ce ƙarya ne in kayar da shi a gaban 'yar gidan tasa.

Bai ce ƙarya ne ba. Ya ce yana yaro in ya kwanta a cikin kwalekwale ana tuƙa shi, yakan ga kamar bishiyoyin gaɓa ne suke tafiya, shi yana tsaye, don haka bai ga abin musu a nan ba. Sannan ya ce, "To, ɗan boko, tunda haka ne, ina Kaza take zuwa kwana arba'in?"

Malam bai kai nan ba. Kaka ya ajiye igiyar, ya miƙe ya dogara sandarsa a tsakiyar fili. Ya ce shi ne rana, ni ne duniya, rumbunmu na bakin danga kuma shi ne Kaza. Ya ce in yi ta zagaya shi, ina sa ido a kan rumbun. Na fara tafiya. Da ina tsakaninsa da rumbu, ga rumbu nan sarai. Da na zagayo ɗaya gefen, sai babbar rigarsa ta tare ni.

"Kana ganin rumbu?"

"Ka tare mini, Kaka."

"To ka ga inda take zuwa. Ba ta zuwa ko'ina. Mu ne muke zagayowa bayan rana, haskenta ya rufe mana ita."

Ya yi ta dariya yana buga sanda a ƙasa, yana cewa shekara saba'in yana wannan tambaya, ashe amsar tana cikin lemon wani malami. Har yau da wannan wasa nake koya wa ɗalibaina, in tsaya a tsakiyar aji in sa yaro ya zagaya ni, kuma ban ga littafin da ya fi shi fitar da abin a fili ba. Tafiyar nan da duniya take yi ita ce take sa kowane tauraro ya riga jiya fitowa da kusan minti huɗu, har shekara ta zagayo ya koma inda ya faro. A ranar na kwanta ina ganin na ƙwace matsayina. Da asuba sai na ji muryarsa a tsakar gida yana kiran sunanta, na kuma ji ƙwas a cikin gora. Na ja mayafi na rufe kaina, na yi kukan da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Fadama ta bushe ta tsattsage, shanun makiyaya sun koma bakin ragowar tafkuna, kowa idonsa yana gabas. Goran yana da 'ya'yan tsamiya talatin lokacin da aka yi wani ruwa mai ƙarfi, irin wanda ke cika kwari a dare ɗaya. Gari ya waye da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan kwaɗi. Baba ya tona rami a gona, ya ga laima ta kai har gwiwar hannu, ya dawo jikinsa yana rawa. Shi dama mutum ne mai gaggawa, kuma bara tsuntsu ya yi mana ɓarna saboda geronmu ya makara. Ya so ya yi shuka a ranar. Kaka ya ce a bari a duba tukuna.

Washegari bayan sallar asuba muka fita bayan gari, inda wata goruba mai reshe biyu take tsaye ita kaɗai a bakin fadama. Daidai kanta Kaza take ɓullowa kowace shekara. Ga Kaka, hannunsa a kafaɗar ƙanwata, ga Baba, ga maƙwabta biyu da suka biyo mu daga masallaci da carbi a hannu. Ni ba wanda ya gayyace ni, na dai bi su. Gabas ta fara yin fari. Ƙanwata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Babu komai, Kaka."

Na ji Baba ya ja tsaki. Na ga maƙwabtan sun dubi juna. Ban shirya abin da ya biyo baya ba, wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe. Na nuna saman gorubar, wadda ita kanta a dame nake ganinta, na ce, "Ga ta can! Na gan ta!"

Duk suka juyo kaina. Tun girbi nake jiran wannan juyowa. Kaka bai motsa ba, ya dai tambaya, "'Ya'ya nawa ka gani?"

"Bakwai," na ce, da ƙarfi.

Ƙanwata ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kanta ƙasa. Baba da maƙwabtan suka ƙura ido, ɗayansu ya ce kamar-kamar shi ma ya ga wani abu. Kaka ya ce goran bai kai ba, da saura kwana goma. Baba ya ce, "Ai kai kake cewa gora ba ya yanke magana, Baba, sai ido. Ga ido ya gani." Babu yadda tsohon zai hana shukar nan sai ya ce jikansa maƙaryaci ne a gaban dattawan unguwa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni dai ba ni da ido. In za ku shuka, ku shuka rabi, ku rataye rabi."

Baba ya ji wannan rabin, don ba ya tsallake maganar mahaifinsa gaba ɗaya. Amma labarin da ya zaga gari kafin hantsi bai ɗauki rabin ba. Cewa aka yi gidan tsoho sun ga Kaza. Kafin azahar tudu ya cika da mutane, maza suna sara da sungumi, mata da yara suna bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ni ma ina ciki, ana ta shi mini albarka. Wata tsohuwa har gyaɗa ta ba ni. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Geron ya tsiro kore shar cikin kwana huɗu. Daga nan sama ta ɗauke kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Kullum sai hadari ya taso da la'asar, iska ta watsa shi. Na riƙa zagawa gona ni kaɗai ina kallon tsiron yana nannaɗewa, daga kore ya koma ruwan toka, daga nan in ka taɓa shi sai ya murƙushe a hannu. Iri a wurinmu ba abin wasa ba ne. Zangarniya mafi kyau ake zaɓa tun a gona, a ɗaure, a rataye a inda hayaƙi ke kaiwa, ko yunwa ta yi yaya ba a taɓa ta. Shi mutanen garinmu suka zuba a ƙasa saboda maganata.

Kwana goma sha ɗaya bayan ƙaryar, na laɓe a bayan danga da asuba, na ji Kaka da ƙanwata sun dawo daga bakin fadama. Suka tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ta ce, "Yau kam ta fito, Kaka." Ya yi mata tambayar da ya yi mini. Ta ce, "Ba su ƙirguwa. Kamar an goga toka ne a sama, kafin in nuna ma haske ya cinye ta." Ya ce madalla, ranar farko haka take, wanda duk ya ƙirga mata 'ya'ya a ranar farko bai gan ta ba. Bai ɗaga murya ba, kuma ban sani ba ko ya san ina wurin. Ashe tun a bakin gorubar ya sani.

Na jira duka, na jira faɗa, na jira a tara gida a tona ni. Ba ko ɗaya. Da ruwan gaskiya ya zauna, Kaka ya sa aka sauko da rabin irinmu da aka rataye, da wani dami da ya ɓoye a ɗakinsa, ya sa aka raba wa gidajen da suka rasa. Gonarmu a shekarar rabinta kawai aka shuka, sauran aka zuba wake. Mutane suka karɓi irin suka yi godiya, amma a majalisa magana ta canja. Aka ce tsoho ya tsufa, tauraronsa ya rikice. Yana jin su, bai taɓa cewa ba shi ba ne. Da bazara ta zagayo bulama bai zo ba, rediyo aka koma saurare. Ƙanwata ta ci gaba da jefa tsamiya a gora, su biyu suna fita bakin goruba ba mai bin su. Damina biyu bayan haka Allah Ya yi masa rasuwa, ban buɗe baki na nemi gafararsa ba. Har yanzu ban sani ba ko daidai ya yi da ya sayar da sunansa don ya rufa mini asiri. Na dai san ban cancanta ba.

Za ka ɗauka kishin ya mutu a nan. Bai mutu ba. Haushi ma ya ƙaru, don yanzu ta fi ni ido, ta kuma riƙe sirrina. Da zuciyar nan na yi karatu. Duk littafin da ya ambaci sama sai na cinye shi, ina cewa a raina sai na san abin da ba za ta taɓa sani ba. Na san cewa Kaza ba bakwai ba ce, ɗaruruwan ranaku ne da aka halitta tare, shida ko bakwai ne kawai ido ke iya tsinkaya. Na san cewa hasken da ke fitowa daga gare su yakan yi fiye da shekara ɗari huɗu a hanya kafin ya iso kan gorubarmu. Na san duk wannan ban taɓa ganinta ba.

Ina kwalejin horar da malamai, shekarata ashirin, wani malami ya lura kullum sai na matsa gaban allo ina ƙanƙance ido. Ya tura ni asibiti aka gwada ni, aka ce idona ba ya ganin nesa, kuma da alama haka aka haife ni. Ranar da na karɓi tabarau lokacin girbi ne. Bayan magariba na fita bayan ɗakin kwananmu na fuskanci gabas. Sama da na sani a dame sai ga ta tsaf, kowane tauraro da gurbinsa. Ga Kaza. Na ƙirga shida. Na ɗan kau da ido, sai ga ƙaramar mai ɓuya ta leƙo, na kalle ta ta gudu. Ashe ba wanda ya raɗa mata komai. Yarinyar nan abin da ta gani ta faɗa. Na zauna a ƙasa da sabon wandona, na daɗe ban tashi ba.

Yanzu shekaru sun ja. Ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa da yawa a fadamarmu, ambaliya tana zuwa yadda ta ga dama, damina ma ba ta cika bin tsohuwar ƙa'ida ba. An kafa fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar masallaci, sai ka yi nisa da gari kafin ka ga sama sosai. Matasa a waya suke duba hasashen ruwa. Ƙanwata tana nan a ƙauye, ta yi jikoki, kuma ba shekarar da ta fasa jefa tsamiya a goran nan. Tsofaffi uku ko huɗu ne suka rage masu aiko mata da tambaya. Kowace shekara takan bugo mini waya da sassafe ta ce, "Yaya, ta fito," ta kashe. Kowace shekara kuma sai na ji ɗan abin nan ya soke ni a ƙirji, ni da furfurata.

Bana da ta bugo ba haka ta ce ba. Ta ce, "Yaya, goran ya kai talatin da takwas, kuma idona ya fara irin na Kaka. Ka zo da tabaranka."

Na tafi ranar Juma'a. Ina da manhaja a waya mai nuna inda kowane tauraro yake, na nuna mata, ta ce in mayar aljihu. Bayan sallar asuba ta ɗora hannu a kafaɗata muka nufi bakin fadama. Gorubar tana nan, reshe ɗaya ya karye. Safiya ta farko na duba har idona ya yi ruwa, na ce babu komai. Ta biyu ma haka. A hanyar dawowa ne na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko Kaka ya taɓa yi mata zancena. Ta ce tun kafin ranar ƙirgar ya san idona ba ya kaiwa nesa, don ya lura ba na gane mai zuwa sai ya yi sallama, kamar shi. Ya hana ta faɗa, wai in Baba ya ji zai ce mai raunin ido ba ya boko, ya cire ni. Ta ce ranar wasan rumbu kuwa har dare yana ba ta labarina, sai da ta ji haushi.

"Ke ma kin ji haushi?" na ce.

"Kai kaɗai aka halitta da zuciya?"

A safiya ta uku gabas ta fara fari, na goge tabarau da bakin riga na mayar. Daidai kan reshen da ya rage sai ga wani ɗan abu, shafe-shafe, kamar ba shi nan. Na ce, "Ta fito."

Hannunta ya ƙara nauyi a kafaɗata. "'Ya'ya nawa?"

"Ba su ƙirguwa."

"Madalla," in ji ta.

Shekara arba'in da wani abu ina jiran kalmar nan, ta zo mini a bakin wadda na yi wa kishi saboda ita. Na yi kamar ƙwaro ne ya faɗa mini a ido. Da zan komo Hadejia na ga goran rataye a ƙofar ɗakinta, na ce tunda yanzu ni ne ido, ai sai ta ba ni in tafi da shi. Ta ce a'a, ido kawai ta ara, gora nata ne, Kaka ya ba ta. Na hau mota ina jin haushinta kamar ina ɗan shekara goma sha biyu. Shi ya sa shekaranjiya na ce wa matata kada ta zubar da 'ya'yan tsamiyar nan, ta wanke mini arba'in ta shanya. Baɗi ni zan kai mata su.